KardiaMobile 6L a hannun mai murmurewa daga aikin gyaran bugun zuciya

Wanda aka yi wa aikin gyaran bugun zuciya yakan bar asibiti da takardar magunguna da ranar komawa ganin likita, amma tambayar da za ta fi hana shi barci a makonnin da ke tafe ba ta cikin takardar, wato ko saurin da yake ji a ƙirjinsa alamar warkewa ce ko kuwa ciwon ne ya dawo. Domin amsa wannan tambaya ne mutane da yawa suke sayen KardiaMobile, ƙaramar na'urar da kamfanin AliveCor na jihar Kalifoniya a Amurka yake ƙerawa, wadda take ɗaukar zanen lantarkin zuciya, irin wanda asibiti ke kira ECG, ta nuna shi a fuskar waya cikin daƙiƙa 30. Na yi amfani da samfurinta mai suna 6L tsawon lokacin da nake murmurewa daga aikin da aka yi mini saboda karkarwar ɗakunan sama na zuciya, kuma ra'ayina a kanta shi ne ta cancanci saye, da sharaɗin mai ita ya gane cewa darajarta tana cikin zanen da take ɗauka, wanda likita zai karanta, fiye da hukuncin da take rubutawa a saman zanen.

Ba za a iya auna amfanin na'urar ba sai an san abin da ake yi wa zuciyar. A shekarar 1998 likita Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bordo na Faransa suka nuna cewa yawancin tartsatsin lantarkin da ke tayar da karkarwar suna fitowa ne daga bakin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu. Daga nan aikin ya samo asali. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a kewaye bakin waɗannan jijiyoyi da tabo, ko dai ta hanyar ƙonawa da zafi, ko daskarewa da sanyi, ko kuma ta sabuwar hanyar nan ta gajerun bugun lantarki masu ƙarfi, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara amincewa da ita a ƙarshen 2023. Tabon ne yake katse hanyar tartsatsin, domin tsokar da ta zama tabo ba ta wuce da lantarki.

Abin da ba kasafai ake yi wa majinyaci bayaninsa sosai ba shi ne cewa a bayan bangon wannan ɗaki, cikin kitsen da ke kusa da bakin jijiyoyin, akwai dunƙulallun jijiyoyin saƙo waɗanda suke cikin tsarin da ke rage wa zuciya gudu. Zuciyar da aka bar ta da kanta, ba tare da umarnin kowace jijiya ba, tana bugawa kusan sau 100 a minti ɗaya. Jijiyar da likitoci ke kira begas ce take riƙe ta kamar birki, har ta sauko zuwa 60 ko 70 idan mutum yana hutawa. Zafi ko sanyin aikin yakan taɓa waɗannan dunƙulallun jijiyoyi, riƙon ya sassauta, sai bugun hutu ya ƙaru, sau da yawa da 10 zuwa 20 a minti. Wannan ƙaruwa takan ɗauki watanni kafin ta lafa, ga wasu ma takan kai shekara ko ta wuce, kuma ita kaɗai ba alamar gazawar aikin ba ce. Hanyar bugun lantarki ta fi barin jijiyoyin saƙo lafiya, saboda haka waɗanda aka yi musu da ita sukan ga canji kaɗan. Ni nawa bugun ya tashi daga sittin da wani abu zuwa tamanin da wani abu, kuma da na san wannan bayani tun farko da ban ɗauke shi da zafi ba.

Ban da wannan akwai kumburin da rauni ke haifarwa a tsokar zuciya da fatar da ke lulluɓe da ita, wanda yake jawo ƙarin bugu da tsallake da gajerun karkarwa a makonnin farko. Saboda haka ne likitoci suka ware wani lokaci bayan aiki wanda ba a lissafa abin da ya faru a cikinsa a matsayin dawowar ciwo. An daɗe ana ɗaukarsa wata 3, sai a 2024 manyan ƙungiyoyin likitocin bugun zuciya suka ba da shawarar a rage shi zuwa mako 8. Magunguna ma suna da nasu hannun. Wanda aka rage wa maganin rage gudun zuciya irin bisoprolol ko metoprolol zai ga bugunsa ya hau, wanda aka bar masa adadin da yake sha tun lokacin da zuciyarsa ke gudu zai iya ganin ya sauka ƙwarai bayan ta daidaita, amiodarone kuwa, maganin daidaita bugu, yakan zauna a jiki makonni masu yawa bayan an daina shansa, har canjin da ke biyo bayan daina shi ya zo a makare ya rikita mai lura.

Ita na'urar kanta ba ta da wani kwarjini. Ɗan falle ne da tsawonsa ya kai kimanin santimita 9, faɗinsa santimita 3, yana da ƙarfe biyu a sama da ake ɗora yatsun hannu biyu a kansu, da na uku a ƙasa da ake jingina wa fatar gwiwar hagu ko idon sawu. Ba ta da fuska, ba ta da maɓalli, ba a yi mata caji. Ƙaramin batir ne mai siffar kwabo a cikinta, kuma tana magana da waya ta Bluetooth. Tsohon samfurin, mai ƙarfe biyu kaɗai, yana aika saƙonsa ne ta sautin da kunnen mutum ba ya ji zuwa makirfon ɗin waya, shi ya sa ake so a ajiye shi kusa da wayar a wuri marar hayaniya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar kamfanin ta farko a 2012, da tsarin gano karkarwa a 2014, da samfurin 6L a 2019. A farkon 2022 kuma hukumar NICE ta Ingila, mai tantance magunguna da kayan aikin lafiya, ta ba da shawarar amfani da KardiaMobile wajen gano karkarwa mai zuwa da tafiya ga masu jin faɗuwar gaba da aka tura gwaji. Ya kamata a lura cewa wannan shawara ta shafi masu neman a gano musu ciwon ne tun farko, ba a tsara ta domin masu murmurewa daga aiki ba.

Sauƙin amfani da ita shi ne abu na farko da ya burge ni. Mutum yana jin ƙirjinsa ya canza sai ya zauna, ya buɗe manhajar, ya ɗora yatsu, kafin minti ɗaya ya cika zanen ya fito kuma an adana shi da rana da lokaci. Wanda ya taɓa ɗaukar ƙafa zuwa asibiti saboda bugun da ya rikice, ya isa ya tarar ya daidaita tun a hanya, ya san girman wannan. Tsabtar zanen ta dogara da mai ɗauka. Ana so a ɗora hannaye a kan tebur, a saki kafaɗu, a cire wayar daga caji, a ɗan jiƙa yatsu idan fata ta bushe, domin rawar hannu da ƙanƙamewar tsoka suna shiga cikin zanen su ɓata shi. Mai fargaba kuwa hannunsa yakan yi rawa daidai lokacin da ya fi bukatar zane mai kyau, don haka yana da kyau ya ja numfashi ya natsu kafin ya fara, ko ya sake ɗauka idan na farkon ya yi datti.

Bayan kowane ɗauka manhajar tana yanke hukunci, kuma a nan ne mai murmurewa yake bukatar ya yi karatun ta-natsu. Idan bugun yana tafiya daidai tsakanin 50 da 100 a minti, takan ce lafiya. Idan yana tsakanin 100 da 140 ba tare da alamar karkarwa ba takan ce sauri ne, tsakanin 40 da 50 kuma takan ce jinkiri ne. Idan ta ga tazarar bugu ta rikice takan ce mai yiwuwa karkarwa ce. Abin da bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba takan ce ba ta iya tantance shi ba. Waɗannan iyakoki an tsara su ne domin jama'a gaba ɗaya, ita kuwa zuciyar da ta sha aiki kwanan nan tana yawan faɗawa a tsakaninsu. Ƙarin bugun da ke fitowa daga ɗakunan sama, wanda ya zama ruwan dare a makonnin farko, yana iya rikita tazarar har tsarin ya zaci karkarwa ce alhali ba ita ba ce. Kamfanin yana da ƙarin hukunci da ke bambance irin wannan ƙarin bugu, amma ya ajiye shi a cikin tsarin biyan kuɗi na wata-wata mai suna KardiaCare, kuma a ganina wannan bai dace ba, domin mai murmurewa ya fi kowa bukatar wannan bambancewa.

Babban giɓin yana wajen wani rikicin bugu da likitoci ke kira filota, da ɗan'uwansa saurin ɗakin sama. A wannan yanayi lantarki yana zagaya wata da'ira a cikin ɗakin sama, sau da yawa a gefen tabon da aikin ya bari, kuma a filota irin wadda aka fi sani ɗakin yana bugawa kusan sau 300 a minti. Mashigar da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa ba ta barin duka su wuce. Idan ta bar ɗaya cikin biyu sai bugun hannu ya tsaya wajen 150, idan ta bar ɗaya cikin huɗu sai ya tsaya wajen 75, kuma a duka biyun tazarar tana nan daidai wa daida. KardiaMobile ba a tsara hukuncinta domin gano wannan ba. Bugun 150 ya wuce iyakarta, don haka za ta iya cewa ba ta tantance ba, na 75 kuwa yana iya wucewa a matsayin lafiya. Wannan rikici yana cikin abubuwan da aka sani suna biyo bayan aikin, shi ya sa na ce kada a rataya komai a kan hukuncin. Alamar da ta fi taimaka wa wanda ba likita ba ita ce bugun da ya kafe a lamba ɗaya, ko mutum yana kwance ko yana tafiya, musamman idan ya fara farat ɗaya. Saurin da ya fito daga sassaucin jijiyar begas yana hawa a hankali idan an motsa, ya sauko a hankali idan an zauna.

A daidai wannan wuri ne samfurin 6L ya fi tsohon nesa ba kusa ba. Ƙarfe biyu na hannu suna kallon zuciya ta gefe ɗaya ne, daga dama zuwa hagu, kuma ta wannan gefe ɗan ƙaramin tudun da ke gaban kowane bugu, wanda yake nuna cewa ɗakin sama ya buga yadda ya kamata, yakan fito a dishe. Idan aka ƙara ƙarfen ƙafa sai a samu kallo shida, uku daga cikinsu suna duban zuciyar daga ƙasa, kuma ta nan ne ɗan tudun ya fi fitowa fili, haka ma zanen haƙoran zarto da ake gane filota da shi. Likitan da aka miƙa wa irin wannan zane yana da abin kamawa. Bai kai na asibiti mai kallo 12 ba, domin babu wayoyin da ake liƙawa a ƙirji, amma ya isa a raba abubuwan da suka fi yawan faruwa bayan aiki. Wahalarsa ɗaya ita ce sai an kai ga fatar gwiwa ko idon sawu, abin da ba ya yiwuwa a ko'ina, sai dai na'urar tana ba da zaɓin ɗauka da hannaye kawai idan wurin bai ba da dama ba.

Aika zanen ga likita ba shi da wuya, domin manhajar tana mayar da shi takardar PDF mai layukan awo irin na takardar asibiti, a tura ta imel ko a buga. Ma'aunin da aka saba amfani da shi wajen cewa ciwon ya dawo shi ne rikicin bugu da ya kai daƙiƙa 30, wanda ya yi daidai da tsawon ɗauka guda, ko da yake ana iya tsawaita lokacin ɗaukar a cikin manhajar. Na ga amfanin rubuta 'yan kalmomi a jikin kowane zane, kamar abin da nake yi lokacin da abin ya fara, da ko na sha maganin ranar, da ko na yi barci sosai. Zanen da ba shi da wannan bayani yana amsa rabin tambayar likita ne kawai.

Akwai abin da ba ta iya yi ko kaɗan, wato tsaro dare da rana. Ba ta san komai ba sai lokacin da aka taɓa ta, alhali an gano cewa bayan aiki kaso mafi girma na karkarwar da ke dawowa yana zuwa ne ba tare da mutum ya ji ba, fiye da yadda yake kafin aikin. Saboda haka tarin zane masu cewa lafiya ba hujja ba ce ta cewa karkarwa ta tafi, kuma babu wanda ya kamata ya daina maganin hana daskarewar jini a kan haka. Ana ci gaba da wannan magani aƙalla wata 2 zuwa 3 bayan aiki ga kowa, bayan nan kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki ne yake yanke hukunci, gwargwadon shekaru da hawan jini da ciwon sukari da sauransu, ba yadda mutum yake ji ba. Idan likita yana son sanin abin da ke faruwa a ɓoye, akwai na'urar Holter da ake ɗaurawa kwana 1 ko 2, da faci da ake liƙawa har mako 2, da 'yar ƙaramar na'urar da ake dasawa ƙarƙashin fata ta yi shekaru tana saurare.

Masu agogon zamani sukan tambaya ko akwai bukatar su ƙara sayen wannan. Agogo irin Apple Watch, wanda ya fara ɗaukar zanen zuciya tun 2018, ya fi KardiaMobile wajen nuna yadda bugun hutu yake tafiya mako bayan mako, domin yana aunawa har cikin barci, kuma wannan layi mai saukowa a hankali yana kwantar da hankalin mai murmurewa. Amma awon da yake yi a kai a kai da haske ne a wuyan hannu, wanda yake ƙirga motsin jini, kuma idan bugu ya rikice wasu bugun ba su da ƙarfin da za su isa can a ƙirga su. Zanen da agogon yake ɗauka kuma kallo ɗaya ne. Akwai kuma wata lamba da agogunan suke nunawa ta bambancin tazara tsakanin bugu da bugu, wadda takan faɗi warwas bayan aiki saboda dalilin nan na jijiyar begas, har wasu manhajojin motsa jiki su riƙa cewa mutum yana cikin gajiya ko damuwa alhali ba haka ba ne. Wanda yake da agogon da ke ɗaukar zane zai iya wadatuwa da shi, amma wanda zai sayi abu ɗaya domin likitansa ya karanta, 6L ce ta fi dacewa.

Ba zan ɓoye wata illa da ke tattare da sauƙin nata ba. Abin da ake iya aunawa cikin rabin minti ana iya auna shi ba iyaka, kuma mai murmurewa da ya saba da tsoron zuciyarsa yana iya mayar da ita abin dubawa duk bayan ɗan lokaci. Fargaba kuwa tana ƙara saurin bugu, saurin ya ƙara fargaba. Tsarin da na ga ya fi amfani shi ne ɗauka ɗaya da safe bayan an zauna na ɗan lokaci, kafin a shiga hidimar rana, domin a samu abin kwatantawa, sai kuma duk lokacin da aka ji wani abu da ya saɓa. Wanda ya san kansa da yawan damuwa gara ya tattauna da likitansa kafin ya saya, domin ga wasu rashin na'urar ya fi zama alheri.

Kamfanin da kansa ya bayyana cewa na'urar ba ta gano ciwon zuciya irin na toshewar jijiyar jini, kuma bai ba da shawarar amfani da ita ga masu na'urar daidaita bugu da aka dasa a ƙirji ba. Ga mai murmurewa akwai alamomin da ba a tsayawa ɗaukar zane a kansu. Ciwon ƙirji mai tsanani, numfashi da ke ƙara wuya, suma ko jiri mai ƙarfi, karkacewar baki ko nauyin harshe ko mutuwar hannu, da kumburi ko zubar jini a inda aka zura bututun, duk na gaggawa ne. Haka nan zazzaɓi tare da zafi wajen haɗiya ko ciwon ƙirji a makonnin da suka biyo bayan aikin, domin hanyar abinci tana manne da bayan ɗakin sama na hagu, kuma raunin da ke iya samunta, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, yana kisa idan aka yi jinkiri. A duk waɗannan yanayi zanen yana iya fitowa tsaf, manhajar ta ce lafiya, don haka asibiti ake nufa kai tsaye, a kuma gaya wa duk wanda ya karɓi mutum irin aikin da aka yi masa da ranar da aka yi.

Kafin a saya, ya dace a tambayi sashen da ya yi aikin ko suna karɓar irin wannan zane, ta wace hanya ake aika musu, wa yake karantawa, kuma wane adadin bugu ko tsawon lokaci ne suke so a kira su a kai. Wasu sassan suna da ma'aikaciyar jinya da aka ware domin haka, wasu kuma sai ranar ganin likita suke dubawa, kuma wanda ya faɗa cikin kashi na biyu zai fi amfana idan ya zaɓi 'yan zane kaɗan masu tsabta, ya buga su a takarda tare da bayanin abin da ya ji, ya tafi da su.